Shekara Biyu Babu Ferhad

Kun taɓa rataye ƙofa goma sha ɗaya a filin da babu bango ko ɗaya? Ni na yi, bara da bazara, a harabar gidan karatu na garinmu Harmanli, nan kudancin Bulgariya, kuma zan iya faɗa muku abin da aikin ya ci: igiya mita saba'in, fenti gwangwani tara, da tsofaffin zannuwan gado goma sha ɗaya da na roƙo a wani masauki na bakin hanya. Ƙofofin na zane ne. Matan ƙungiyarmu, waɗanda yaƙi ya koro daga Siriya da Afganistan suka sauka a sansanin bayan gari, kowacce za ta zana ƙofar gidan da ta baro a jikin zanen gado, mu ɗaure igiya tsakanin bishiyoyi mu rataye, mutanen gari su zo su ratsa ta tsakani. Ni ce mai haɗa kan aikin. Sunana Rositsa, kuma wanda ya san ni ya san ba na iya ganin abu biyu a jere in wuce ban ƙirga ba.

Amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin Lelya Zlatka ne (Lelya a harshenmu gwaggo ke nan), mai shagon buga takardu da ke tsakanin gidan burodi da kantin magani.

Shagon nata a da rumfar mai gyaran takalma ce, har yanzu in aka yi ruwa warin fata yana tasowa daga ƙasa. In ka buɗe hannuwanka biyu ka taɓa bango da bango. A ciki akwai injin kwafi, da kwamfuta, da kujera ɗaya ta baƙo, da farantin alewa da ba ya taɓa ƙarewa. Ita kanta gajeriya ce, ta kusa saba'in, tabarau a rataye a wuya, yatsunta masu kauri kamar na mai kwaɓa fulawa. Tana 'yar sha takwas ta shiga maɗaba'ar gwamnati, lokacin ana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. A can ta koyi karatu a kife, shi ya sa har gobe in ka ajiye takarda a teburinta ba sai ka juya mata ba, kafin ka zauna ta karance ta gano maka kuskure. Da aka rufe maɗaba'ar, ita da mijinta Dimcho suka sayi tsohon inji suka buɗe wannan ɗan wurin. Shi ne mai ɗauko takarda da gyaran inji, in ya ga dama. 'Yarsu guda ta tafi Spaniya aiki tun tuni, ta yi aure can. Dimcho ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Takardarsa na nan a jikin ƙofar shagon, da gashin bakinsa da komai.

Takardun mamata su ne ke riƙe da shagon. A garin nan mutum ba ya gama mutuwa sai an buga masa takarda: hoto, suna, baƙin layi kewaye, a liƙa a ƙofar gidansa, da jikin bishiya, da turken lantarki, da tashar bas. In an yi arba'in a sake bugawa, in an yi wata shida a sake, haka kowace shekara, a sama a rubuta da manyan baƙi, kwana arba'in babu wane, shekara uku babu wance. Kusan duk wadda ka gani daga kasuwa zuwa layin dogo, daga hannun Lelya Zlatka ta fito. Ba ta tambayar wa ya mutu, don ta riga ta ji ƙararrawar coci, ta kuma ji sauran bayani a gidan burodi. Tambayarta ɗaya ce in mutum ya zauna a kujerar nan: "Nawa ke nan?" Kuma ba ta karɓar mummunan hoto. Na taɓa ji ta ce wa wata bazawara, "Wannan kamar an kama shi da satar kaza. Koma gida ki nemo wani, mutumin ya sha wahalarki da rai, kar ki ƙara masa."

Ni kuwa Ƙirgau take ce mini, tun ina 'yar makaranta ina zuwa yin kwafi ina sake lissafa shafukan a gabanta.

A cikin matan ƙungiya akwai Gulistan, Bakurdiya daga wajen Kamishli ta ƙasar Siriya, ta ba hamsin baya. Ta fi kowa iya allura, don ta yi shekara uku tana ɗinki a Turkiyya kafin su taso, a can ta iya Turkanci. Ita da mijinta Ferhad suka shigo dajin kan iyaka tare da wasu. Ruwa ya sauko, ayari ya watse, ita ta fito ta wannan gefen, shi bai fito ba. Ba gawa, ba labari. Ƙanwarta tana Jamus tana ta kira ta taho, ta ƙi. Ta ce sunan garin nan ne na ƙarshe da suka faɗa wa juna, in zai neme ta nan zai fara zuwa.

Ƙofarta shuɗiya ce ta ƙarfe, da reshen inabi ya hauro ta sama, ganyen ma ba fenti ba ne, ɗinka su ta yi ɗaya-ɗaya da koren ƙyalle. Na ƙirga, sittin da uku. Sauran mata suka gama nasu, na zo tattarawa, sai ta dafe tata ta ce da saura. Turkancina na kasuwa ne, bai wuce nawa-nawa da rage mini ba, amma na gane abin da take nufi: tana so a liƙa wa ƙofar takarda mai hoton mijinta, irin wadda take gani a ƙofofin garin nan. Na ɗauka labarin mutuwarsa ya iso. Na riƙe hannunta, ita ma ta riƙe nawa, muka kama hanyar shagon Lelya Zlatka.

"Ga Ƙirgau nan," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ciniki kika kawo ko ƙudajena kika zo ƙirgawa?"

"Ciniki ne, Lelya. Wannan Gulistan ce, daga ƙungiya. Takarda take so, ta mijinta."

Sai ta ɗago. Ta tura farantin alewa gaba, ta nuna kujera, ta juya harshe zuwa Turkanci, wanda ta koya tana yarinya a gidan maƙwabtansu. Nata ya fi nawa nesa ba kusa ba, ni dai ina tsintar abin da na tsinta, sauran ta cike mini daga baya.

"Zauna, ƙanwata. Nawa ke nan?"

"Shekara biyu, Yaya."

Yatsun nan masu kauri suka hau aiki. Gulistan ta zaro ɗan hoton fasfo daga cikin leda, mutum mai furfura a gefen kai, ya ɗaure fuska, da rigar kwat. Lelya Zlatka ta ɗan taɓe baki amma ta karɓa. Ta sa hoton a tsakiya, ta ja baƙin layi kewaye, ta cire gicciyen da ke sama ba tare da an ce mata ba, ta juyo da kwamfutar. Gulistan ta matso, ta bi rubutun da yatsa a hankali. Tana zuwa ajin koyon harshe, kuma ashe kalmar farko da ta iya karantawa da kanta a titi ita ce wannan, babu.

"Shekara biyu babu Ferhad," ta karanta. "Haka ne. Daidai. Saura lamba."

"Wace lamba?"

"Ta wayata. A ƙasa, da manya. Na lura mutanen nan ba sa sa lamba, na ce ko don duk kun san juna ne. Ni ba wanda ya san ni."

Hannun Lelya Zlatka ya tsaya cak. "Wa zai kira ki?"

"Wanda ya gan shi mana."

Gulistan ta ci gaba, tana warware alewa. "Tun da na zo nake faɗa wa matan ɗakinmu, mutanen garin nan mutanen kirki ne, ba sa gajiya da neman nasu. Akwai wata a bakin tasha, shekara goma sha biyu aka rubuta, har yanzu sabuwar takarda. Wannan na jikin ƙofarki, mai gashin baki, naki ne? Na haddace fuskarsa. Duk ranar kasuwa sai na duba tsofaffi. Rannan na bi wani har wurin shiga bas, ya waiwayo, ashe ba shi ba ne."

Lelya Zlatka ta kalle ni. Ni na kalli ƙasa. Ta ce da ni da harshenmu, a hankali, "Rosi, juya allon ƙofa, mun rufe. Ki ɗora kofi."

Ta zagayo daga bayan tebur, abin da ban taɓa gani ta yi wa wani mai ciniki ba, ta jawo kwalin takardu ta zauna a kai, gwiwarta na taɓa ta Gulistan.

"Ƙanwata, Dimcho ba ɓata ya yi ba. Shekara arba'in na yi ina nemansa, yau a mashaya, gobe a bakin kogi da ƙugiya. Yanzu ne kaɗai na san inda yake kullum. Yana bayan layin dogo, kusa da uwarsa."

Gulistan ta ajiye alewar. Ta waiwaya ta kalli ƙofa, ta kalli bishiyar da ke gaban shago, wadda takardu suka lulluɓe ta har tsayin mutum.

"Duka?"

"Duka. Ni na buga su."

"Har yarinyar nan mai kitso, ta wajen makaranta?"

"Har ita. Mota ce."

Kofin ya tafasa ya zube, ban ma lura ba. Gulistan ta daɗe tana kallon kwamfutar, sannan ta ce, "A goge." Lelya Zlatka ta miƙa hannu ta goge baƙin layin, ta goge rubutun, ya rage fuskar kaɗai a tsakiyar fari. Gulistan ta ce fuskar ma a goge. Ta mai da ɗan hoton cikin leda, ta miƙe, ta gyara ɗankwali.

"Saura kaɗan in binne shi da hannuna," ta ce. Ba faɗa a muryarta. Ta yi godiya ta fita.

Ba ta zo taron ƙungiya na gaba ba, ba ta zo na bayansa ba. Ranar buɗewa tana matsowa, an riga an gaya wa gari, ni kuma ina da ƙofa goma da gurbi ɗaya a igiya. Shuɗiyar ƙofar tana ninke a kabad ɗin gidan karatu. Na je shago na ce zan rataye ta haka nan, ai an gama ta, ganye sittin da uku ba wasa ba ne.

"Taki ce?" in ji Lelya Zlatka.

"Ba tawa ba ce, amma gurbin…"

"Gurbi ba ya ciwo. Ɗauko mini jakata."

Ranar kasuwa ce fa, ranar da ta fi samun aiki. Matar da ko rasuwar mijinta safiya ɗaya ta rufe shago, ta sa kwaɗo da rana tsaka, ta jefa kwalbar miyar barkonon da take dafawa duk kaka a jaka, ta sa ni gaba har ƙofar sansani. Na shiga na kira Gulistan. Ta fito da ƙyar, suka zauna a bencin da ke waje, ni na tsaya a gefe da kwalba a hannu.

"Kin daina fitowa," in ji Lelya Zlatka.

"Ina zan bi, Yaya? Da in na fita ina gaishe su a zuciyata, ina cewa ni da danginku jirgi ɗaya ya ɗauko mu. Yanzu kowace bishiya maƙabarta ce."

"Su dai ba su ƙi gaisuwar ba. Mu nan wucewa muke yi, ba mai kallonsu sai tsohon nan mai raba wasiƙu, Bai Kolyo, shi ma don ya tabbatar ba sunansa. Dimcho kuwa, da ya san akwai ranar da mace za ta bi shi har tasha, da ya mutu tun da wuri."

Gulistan ta rufe baki da gefen ɗankwali. Dariya ce ta kufce mata, 'yar kaɗan.

"Takardarki za mu yi," in ji Lelya Zlatka. "Amma ki ji matsalar. Idon garin nan ya riga ya saba. Fuska a farar takarda, an ɗaure baki, ana kallon gaba, matacce ne. Ko na cire baƙin layi, ko na rubuta da ja cewa yana da rai, ba mai karantawa, alamar gicciye za su yi su wuce. Ni na koya musu haka, to ni na san abin da zai warware. Hoton da za mu sa, sai wanda baƙo zai hango daga tsallaken titi ya san mutumin nan yana numfashi. Kawo wayarki."

Suka haɗa kai a kan wayar. Gulistan tana turawa da yatsa, Lelya Zlatka tana yanke hukunci.

Ferhad da kwat a gaban allo. "Matacce."

Ferhad a zaune da carbi, jikan ƙanwarsa a cinya. "Matacce, har an yi arba'in."

Ferhad a wurin biki, a tsaye ƙyam, hannu a ƙirji. "Irin wannan na buga ɗari. Mijin nan naki bai taɓa motsi ba ne?"

"Malamin makaranta ne, Yaya. Ba ya son a ɗauke shi sai ya shirya."

"To nemo mini ranar da bai shirya ba."

Gulistan ta tura, ta tura, sai ta yi saurin wuce wani. Lelya Zlatka ta kama yatsanta. "Koma baya."

"Wannan a'a."

"Koma."

Na leƙo ta saman kafaɗarsu. Ga mutum da singileti, ya naɗe ƙafar wando ɗaya, ya saɓo wata ƙatuwar kankana a kafaɗa, bakinsa a buɗe yana yi wa mai ɗaukar hoton tsawa, silifa ɗaya ta cire ta tsaya a baya. Ana ganin giɓin haƙorinsa na gefe, ana ganin yadda yake karkata hagu in yana tafiya. A bayansa ga shuɗiyar ƙofa.

"Shi ke nan," in ji Lelya Zlatka. "Shekara talatin ina wannan aiki, ba a taɓa kawo mini mamaci da kankana ba."

"Yaya, mutumin da ya karantar da rabin unguwa, a liƙa shi da singileti a ƙasar mutane? In ya gani kashe ni zai yi."

"To ya zo ya kashe ki mana. Ba zuwan nasa muke so ba?"

Gulistan ta ƙura wa hoton ido. Ta ƙara girmansa da yatsu biyu, ta rage. "Ni na ɗauka," ta ce. "Cewa yake in ajiye wayar in zo in taya shi." Ta miƙa wa Lelya Zlatka wayar, ta karɓi kwalbar daga hannuna.

Washegari muka haɗu a shago mu uku. Aka yi ta ja-in-ja a kan komai. Takarda rawaya, ba fara ba. A kwance, ba a tsaye ba. Hoton da launinsa, ya cinye rabin shafi. Lamba da baƙaƙen da makaho ma sai ya ji su a jikinsa. Inda aka fi daɗewa shi ne rubutun sama, don Gulistan ta saba da nata, ta ce ai gaskiya ne, shekara biyu babu shi.

"Gaskiya ne a bakinki," in ji Lelya Zlatka. "A jikin bishiya kalmar nan tana da masu ita. Ba zan ba ki aro ba."

"To me zan ce?"

"Me kike yi tun da kika zo?"

"Jira."

Haka aka rubuta, shekara biyu ina jiran Ferhad, da harshenmu, da Turkanci, da Larabci. Larabcin Gulistan ta rubuta da hannu aka ɗauki hotonsa, don Lelya Zlatka ta ce haruffan da ba ta iya karantawa a kife ba, ba za ta ɗauki alhakinsu ba.

Ni na ce a gwada kafin ranar buɗewa, don ba na yarda da abin da ban auna ba. Lelya Zlatka ta ce a gwada a wuri mafi wuya. Ta fita da kanta ta manna ta a jikin bishiyar gaban shago, a tsakiyar fararen takardu, muka koma ciki muka zauna da kofi kamar masu jiran kifi. Cikin mutum talatin na farko, goma sha tara suka tsaya. Bakwai suka karanta har ƙasa. Mace ɗaya ta fara ɗaga hannu za ta yi alamar gicciye, hannun ya tsaya a goshi, ta ƙare da sosa kai.

Sai ga Bai Kolyo (Bai a wurinmu kamar a ce baba ne), tsohon mai raba wasiƙu, wanda kullum da safe yake zagaya bishiyoyi yana karanta takardun mamata kamar jarida. Tun daga nesa ya cire hula. Ya matso, ya sunkuya, ya daɗe. Ya mai da hularsa, ya turo ƙofa.

"Zlatka, lafiyarki kuwa? Kin buga mai rai."

"Kasuwar matattu ta yi ƙasa, kun ƙi mutuwa. Ka san shi?"

"Ban san shi ba. Amma ya iya zaɓen kankana." Ya lura da Gulistan, ya sake cire hular, wannan karon don ita. "Naki ne, baiwar Allah?" Lelya Zlatka ta fassara. Gulistan ta ce nata ne. "A ba ni kwafi biyar," in ji shi. "Mijin 'yata yana jan babbar mota zuwa ƙasar Sabiya, duk wurin shan shayin da ke hanya ya san shi, ya fi sanin su a kan gidansa."

Ranar buɗewa iska ta taimaka. Ƙofofi goma sha ɗaya suna kumbura suna lafawa tsakanin bishiyoyi, mutane suna ɗaga gefe su ratsa, wasu har da sallama don wasa. Matan Afganistan sun dafa shinkafa da karas da zabibi, matan gari sun kawo banitsa, gurasarmu mai cuku, tire shida, ba abin da ya yi saura. A jikin shuɗiyar ƙofar, Gulistan ta ɗinke rawayar takardar ta kusurwa huɗu, a ƙasanta ta yi babban aljihu ta cika shi da kwafi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Ɗari biyu muka zuba, hamsin da bakwai suka rage. Lelya Zlatka ta zo da jan gyale, ta tsaya a gefen ƙofar, duk wanda ya ɗauki takarda sai ta ce, "Ba ta naɗe gyaɗa ba ce. In ba za ka liƙa ba, mai da." Da rawa ta tashi aka kama hannu aka yi da'ira, matan Kurdawa suka ga ashe takun bai yi nisa da nasu ba, suka shiga. Gulistan ba ta shiga ba. Ta tsaya kusa da ƙofarta da waya a hannu.

Wayar ta yi ƙara tun daga lokacin, ba sau ɗaya ba. Akwai wanda ya kira yana tambayar ko ana sayar da kankana. Akwai wata daga wani ƙauye da ta ce ta ga mai irin tafiyar nan yana kiwon tumaki, muka shiga motata muka je, ashe wani ne, ɗan Pakistan, ya ba mu cuku muka dawo. Akwai direban da ya ce kamar ya taɓa ganin fuskar a wani sansani can gaba, ana kan bincikawa. Ba a ga Ferhad ba tukuna. Ba a kuma ce ya mutu ba.

Gulistan ta koma fita. Ta bar wa ƙanwarta maganar Jamus zuwa wani lokaci. Yanzu tana da ɗan keken ɗinki a kusurwar shagon, inda Dimcho yake ajiye kayan gyaransa a da, kuma yadda mutum biyu da inji biyu suke shiga wurin nan, ni da na auna shi ban gane ba. Rawaya ba ta jure rana, 'yan makonni kaɗan ta koɗe. Takardar mamaci in ta koɗe barin ta ake yi ruwa ya wanke. Wannan kuwa da ta fara yin fari sai Lelya Zlatka ta buga sababbi, su ɗauki gam su zagaya gari su biyu, ɗaya tana shafawa ɗaya tana mannawa, suna gardama a kan wace bishiya ce ta fi samun masu wucewa.

Ni ma da na koma gida na gwada abin da aka yi a kan bencin nan. Na buɗe wayata na bi hotunan mahaifiyata ɗaya bayan ɗaya da idon Lelya Zlatka. Ɗari da goma sha huɗu ne, kusan duk ta gyara gashi ta haɗa hannu tana kallon gaba. Biyu kacal suka tsallake, a ɗayan tana korar kaza daga cikin tumatir da tsintsiya. Ku ma ku gwada. Ku zaɓi mutum ɗaya naku, ku nemi hotonsa da baƙo zai hango daga tsallaken titi ya san yana da rai. In ba ku samu ba, yana nan kusa, ku je ku ɗauka yau, kafin ya shirya.